Furar da Na Ba Inna

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna, kuma a gidanmu ɗan fari abin kunya ne ga uwarsa. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta san da zamansa a duniya. Mu da muke da jinin Fulani abin ya fi tsanani. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar mahaifina, da ke aure a Kazaure. Ita ta goya ni, ita ta sa ni makaranta, ita ta yi ta zane ni har na zama mutum. Inna tana can ƙauyenmu bayan Gwiwa da 'yan shanunta da ƙoren nononta. In na je hutu sai in ji tana ce wa ƙannena, "Ku kai wa wancan abinci." Wancan ni ne. Na yi aure, na haifi 'ya'ya huɗu, furfura ta fara fito mini a gemu, ina nan a wancan.

Abin ya dame ni, ba zan ɓoye ba. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, na sha yi wa abokaina bayani kamar wanda ya fi kowa fahimta. Amma in na ji ta ƙwala wa ƙanina kira da sunansa daga bakin garke, nakan tashi in bar wurin.

Cikin bazara ne, ina ofis da hantsi, ƙanin nan nawa ya kira ni. Ya ce Inna kwana biyu tana amai, kumburin da ke cibiyarta ya yi tauri ya ƙi komawa. Ta yi shekaru da kumburin nan, in ya fito takan kwanta ta mayar da shi da tafin hannu ta tashi ta ci gaba da tatsarta. Na ce me suka yi mata a kwana biyun? Ya ce jiƙo. Ban san sanda na miƙe tsaye ina faɗa ba, har masinjan ofis ya leƙo. Na ce ko a ka ne su ɗauko ta yanzu. Suka samu motar kasuwa, ni kuma na hau babur na riga su isa asibiti, na yi ta safa da marwa a bakin ƙofa ina duba kowace mota.

Ɗakin taimakon gaggawa ba wurin da mutum zai tsaya ya yi tunani ba ne. Gadaje shida ne, duk da mutane, wasu a benci, wani a ƙasa kan tabarma. Fanka tana sama ba ta motsi. Ga wani manomi daga wajen Roni maciji ya sare shi, ƙafarsa ta kumbura kamar turmi, ga wata mata tana jijjiga jaririyarta da ta sanƙame tana kiran sunayen Allah. Nas biyu ne kawai, suna wucewa da sauri, kowa yana jan rigarsu. A waje kuwa, ƙarƙashin darbejiya, 'yan jinya sun baje tabarmi, kowa da kularsa da kwanonsa. Mu mutane ne da ba mu san wata hanyar nuna wa marar lafiya ƙauna ba sai ta bakinsa. Ka je dubiya, tambayar farko ita ce, "Ya samu ya ci wani abu kuwa?" In an ce ya ci sai kowa ya yi hamdala, ko da ciwon a ƙafa yake.

Likitan matashi ne, ban jin ya kai ƙanina a shekaru. Ya danna cikin Inna, ta cije leɓe, ko uffan ba ta ce ba. Ya ja ni gefe ya ce hanji ne ya fito ta ɓular cibiya ya maƙale, jini ba ya isa gare shi, in aka bar shi zai ruɓe a ciki. Aiki za a yi yau. Amma sai an ƙara mata ruwa domin jikinta ya bushe, sai an tanadi jini, kuma akwai mai haihuwa a ɗakin tiyata, sai an fito da ita.

"Kafin nan kada a ba ta komai ta baki," in ji shi. "Ko ruwa. Ko ɗigo."

Na sa hannu a takarda. Babbar nas ɗin, wata mata mai faɗa da tabarau a kan hanci, ta ɗaura wa Inna ƙarin ruwa, sannan ta dube ni sama da ƙasa, ta ga biro a aljihu.

"Malam, da alama kai ne ɗan bokon cikinsu. Ka ji abin da likita ya ce. Na san mutanenmu, ina juya baya za a ɗura mata kunu. A hannunka na bar ta."

Kaina ya yi girma, ba zan yi ƙarya ba.

Ba a jima ba sai ga Gwaggo ta sauka daga a-daidaita-sahu, tana tafe tana dafa gwiwa, ta rungumo babban fulas ɗinta mai ruwan ganye. Na san fulas ɗin nan tun ina saurayi. Fura ce a ciki, ta dama ta da ruwa-ruwa, da nono mai kyau, har ƙanƙara ta aika aka sayo ta jefa. Ta gaida Inna, ta ga leɓunanta, ta fara kwance murfi.

"Gwaggo, me za ku yi?"

"Me ka ga zan yi? Baiwar Allah kwana biyu ba abin da ya zauna a cikinta. Da wane ƙarfin za ta shiga a yanka ta?"

"Likita ya hana."

"Likita ya hana abinci, fura ai ba abinci ba ce."

Na fizge fulas ɗin daga hannunta. Har yau in na tuna yadda na fizge shi sai in ji kunya ta rufe ni. Na ɗaga murya a gaban mutane, a gaban mai saran maciji da danginsa, na ce irin wannan jahilcin ne ke kashe mana mutane, a kawo mutum asibiti a kashe shi da kwano, sannan a ce kwana ne ya ƙare. Na faɗi abin da ya fi haka ma. Gwaggo ta tsaya tana kallona, matar da ta wanke mini kashi.

"To," ta ce. "Allah ya huci zuciyarka, malam mai ilimi." Ta fita ta zauna a gindin darbejiya.

Ban tsaya nan ba. Na kori duk dangin da suka biyo motar, na kwashe buta da ruwan leda da wani kofi da na gani a ƙarƙashin gado, na kai waje. Fulas kuwa na ƙi mayar wa Gwaggo, don kada ta lallaɓo in na fita. Na maƙale shi a hammata, da shi nake zuwa wurin gwajin jini, da shi nake zuwa karɓar magani, da shi nake dawowa in leƙa ko an fito da mai haihuwa. Na kasa zama. In na zauna minti ɗaya sai in ji kamar an ɗana mini garwashi, in tashi in duba ledar ruwa, in ƙirga ɗigonta, in fita, in dawo.

Wajen azahar aka tafi da ƙanina a ɗebi jininsa, ya rage daga ni sai Inna. Zafi ya kai inda ya kai, kwanon rufi har ƙara yake. Ta juya fuskarta ga bango kamar yadda ta saba in ina kusa. Leɓunanta sun tsage, in ta buɗe baki sai ka ga harshen fari fat, a bushe.

Sai na ji an kira sunana.

Na waiwaya ina neman nas. Ba kowa a kusa. Kuma ba sunan da Gwaggo ta laƙaba mini ba ne, wanda kowa ke kirana da shi, sunana ne na yanka, cikakke. Inna ce. Ta juyo tana kallona, cikin idona. Shekara arba'in da ɗoriya ban san haka sunan nan yake a bakinta ba, tana ɗan ja masa wutsiya irin ta Fulani.

"Ƙishirwa nake ji," ta ce.

"Inna, ku yi haƙuri. Likita ya hana. Ga ruwa nan ana ƙara muku ta hannu."

"Na ji likita. Wannan bai zuwa maƙogwaro." Ta huta, ta sake kiran sunan. "Ni na san jikina, ba tashi zan yi ba. Kada ka bari in tafi da baki a bushe."

A wurinmu ba a barin mutum ya cika da ƙishirwa. Ranar da mahaifina zai rasu, Inna ce ta zauna tana ɗiga masa ruwa da bakin ludayi har rai ya yi halinsa. In an zo gaisuwa, tsofaffi sukan tambaya a hankali ko an samu an ba mamaci ruwa, kuma wanda aka ce a hannunsa aka rasa wannan ba ya ƙara ɗaga kai a cikin dangi. Duk wannan ya zo mini a rai. Amma in zan faɗi gaskiya, ba shi ya karya ni ba. Da a ce da sunan nan ta ce in hau dutsen bayan gari in faɗo, da na hau.

Na duba ruwa, babu, ni da kaina na kwashe shi. Abin da ke akwai shi ne abin da ke hammatata. Na juya wa ƙofa baya, na baza rigata na kare ta, na tsiyaya a murfin fulas, na tallafo kanta. Ban taɓa taɓa kan Inna ba sai ranar, ashe ba shi da nauyi ko kaɗan. Ta shanye. Na ƙara, ta shanye. Na ƙara na uku. Ta ce alhamdulillahi, na goge mata baki da gefen mayafinta, ta mayar da fuska bango. Na rufe fulas na mayar hammata, na tsaya kamar ɗan sanda.

Ko rabin sa'a ba a yi ba aka turo gado mai taya. Tare da shi akwai wani dattijo cikin koren kaya da takalmin roba, shi ne mai sa barci a ɗakin tiyata. Dangi suka taso suka cika bakin ƙofa, Gwaggo a gaba. Ya duba kati, ya duba idon Inna, ya ce wa ke tare da ita? Nas ta nuna ni.

"Tun da kuka zo, ta ci wani abu ko ta sha?"

"A'a," na ce.

"Ka tabbata? Ba don faɗa nake tambaya ba. In na sa mutum barci, maƙogwaronsa ma barci yake yi. Abin da ke ciki yakan taso, maimakon ya fita sai ya gangara huhu. Ina tsaye a kansa zai tafi, ba abin da zan iya. In na sani da wuri, akwai dabara."

"Wannan ai tun safe yake gadi," in ji nas. "Har gwaggonsa ya kora."

Wasu suka yi 'yar dariya. Dattijon ya sunkuya ya ce, "Iya, kin sha wani abu?" Inna ta rufe ido ta girgiza kai. Aka ɗora ta, aka tura.

Na tsaya ina kallo, ban tsayar da su ba. Ina ta gaya wa kaina murfi uku ne kawai, ruwa-ruwa ce, ƙila ma ta riga ta wuce. Ƙasan wannan kuwa akwai ainihin abin: yaya zan buɗe baki a gaban mutanen da na kira jahilai da safe? Uwata ana tura ta a doguwar barandar nan, tayar gadon tana ƙara, ni ina tsaye ina lissafin mutuncina. Wannan shi ne mafi munin abin da na sani game da kaina.

"Ba ni fulas ɗina," in ji Gwaggo, "tunda gadi ya ƙare."

Na miƙa mata. Ta karɓa, sai hannunta ya tsaya. Ta ɗaga shi, ta sauke, ta girgiza shi kusa da kunne. Matar da ta yi shekara hamsin tana dama fura ba sai ta buɗe murfi ba. Ta matso dab da ni yadda ba wanda zai ji.

"Cike na kawo shi."

Ta dubi inda aka nufa da gadon, ta ci gaba.

"In kai ka sha, ɗan nan, ya yi maka amfani. In kuwa ba kai ba ne, ga su can ba su kai ƙofa ba."

Na zura da gudu. Takalmina ɗaya ya fita na bar shi, na ture wani mai ɗauke da kwanon tuwo, ina ihu su tsaya, su tsaya don Allah. Sun riga sun buɗe ɓangare ɗaya na ƙofar tiyata. Na riƙe ƙarfen gadon ina haki, na ce na ba ta, ni na ba ta, ƙarya na yi.

Dattijon bai ɗaga murya ba. "Me ka ba ta?"

"Fura."

"Da nono?"

"Da nono."

"Kamar nawa?"

"Murfin fulas uku."

"Yaushe?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai ya ce a juya da ita. Nas kuwa ta cire tabarau ta wanke ni tas. "Kai? Kai da ka cika mana ɗaki da lacca? Wallahi gara tsofaffin, su ba su yi alkawari ba!" Dangi duk sun iso, suna ji. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai Inna ta yi magana, idonta a rufe. "Ni na ɗauka da hannuna na sha. Ba ruwan kowa."

Kowa ya san rufa mini asiri take yi. Hannun nata ɗaya yana ɗaure da allurar ruwa, ɗayan ko ɗaga shi ba ta iyawa.

Aka mayar da ita ɗakin da muka fito, aka zura mata siririyar roba ta hanci har ciki don a zuƙe abin da na ba ta. Matar da aka danna cikinta ba ta yi uffan ba, sai ga ta tana kakari, hawaye yana bin kunnenta. Na tsaya na kalla, ban yarda na kawar da kai ba. Na ga furar Gwaggo tana biyo robar tana taruwa a leda, ta haɗu da wani ruwa kore.

Ana cikin haka aka shigo da wani mai babur da mota ta buge a hanyar Daura, jini yana zuba a cikinsa. Ba wanda zai ce a jira da shi. Aka wuce da shi ɗakin da aka shirya wa Inna, aka rufe ƙofa. Ɗakin tiyata ɗaya ne, likitan ɗaya ne.

Sa'a uku muka yi. Ban san sau nawa na auna barandar nan da ƙafa ba, har wani ya kawo mini takalmina ban san na yi ta yawo da ɗaya ba. In je in leƙa Inna, in ga cikinta kamar ya ƙara tashi, in je ƙofar tiyata in kasa kunne, in dawo. Na yi sallar la'asar ban san raka'a nawa na yi ba. Da wani ya zage ni da na ji sauƙi, amma ba wanda ya ce mini komai. Ƙanina, da auduga a gwiwar hannunsa, ya sunkuyar da kai duk sanda na wuce. Gwaggo ta matsa ta bar mini gefen tabarma ta ce, "Zauna, ka ishe mu da jiri." Na zauna, na tashi.

Bayan la'asar sosai aka shiga da ita, aka fito ana kiran magariba. Likita ya cire abin rufe bakinsa ya ce an yi nasara, amma sai da ya yanke hanji kamar taƙi ɗaya, ya riga ya yi baƙi, ya haɗa sauran ya ɗinke. Na bi shi har bakin famfo inda yake wanke hannu. Na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah, da an shiga da ita da azahar, da sai an yanke?

"Ba zan iya ce maka e ko a'a ba," ya ce. "Kwana biyu ta yi a gida, sa'a uku a nan. Amma da ka yi shiru, ƙila ba wannan maganar muke yi ba."

Ya ɗauka ya kwantar mini da hankali. Har yau ina juya sa'a ukun nan.

Kwana huɗu Inna ta yi ba a ba ta komai ta baki ba. Zazzaɓi ya zo, ya tafi, ya dawo. Ina zuwa safe da yamma amma a bakin ƙofa nake tsayawa, hannuna a baya, kunya ta hana ni matsawa. Kuma ina jin tsoro. Duk sanda ta motsa leɓe sai gabana ya faɗi, domin zuwa lokacin na gane abin da ya sa ta kira ni. Sallama take yi. Ta ajiye sunan nan shekara arba'in, ta fito da shi ne ranar da ta tabbata ba za ta kwana ba.

Safiya ta biyar likita ya ɗora abin saurarensa a cikinta, ya daɗe yana ji, ya ce hanji ya tashi, a fara ba ta ruwa da cokali, kaɗan-kaɗan. Nas mai tabarau ta kalle ni ta ce, "Ruwa aka ce, Malam, ba fura ba." Ɗaki ya ɗauki dariya, har ni. Gwaggo ta ɗebo ruwa a kofi ta kai cokali bakin Inna. Inna ta ƙi buɗewa. Ta mayar da fuska bango, ta yi magana can ƙasa-ƙasa.

"Ba wa wancan."

Gwaggo ta miƙo mini kofin. Rabin cokalin farko a wuyanta ya zube. Ta sha cokali bakwai, ba ta kalle ni ko sau ɗaya ba. Ban taɓa jin daɗin kalma kamar yadda na ji daɗin wancan ɗin nan ba, na fita bayan ɗaki na yi kuka kamar yaro.

Inna tana nan da ranta, ta koma tatsarta, sai dai ba ta ɗaukar ƙwarya mai nauyi. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Duk ranar da na je ƙauye nakan yi sallama in tsaya a zaure in kasa kunne, sai na ji ta ce wa jikokinta su shimfiɗa wa wancan tabarma sannan nake iya cire takalmi. Na san zan sake jin sunana a bakinta sau ɗaya. Kullum roƙona kada ya zama bana.